Kalandar Bikin 'Yar Gwaggo Ta Lalace a Hannuna, In Ajiye Littafin Ne?

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce 'yar shekara 21, daga wani ƙauye a ƙasar Ringim. Na gama sakandare, ina taimakawa a Islamiyyar garinmu da yamma. Da Yayana ya zo sallah daga Kano ya bar min tsohuwar laftof ɗinsa da wani littafin koyon Photoshop. Da Turanci yake, amma mai sauƙi, kowane darasi da hotunansa. Na so littafin nan ƙwarai. Wata 5 ina binsa, kullum sai na aiki ƙanina ya kai caji wajen mai sola a bakin kasuwa. Na iya cire bayan hoto, in sa rubutu, in haɗa hoto biyu. Babukan da suke maganar girman hoto da bugawa na tsallake su, don lissafi ya yi musu yawa, kuma wasu hotunan littafin ba su yi daidai da abin da nake gani a tawa kwamfutar ba.

Da aka sa bikin 'yar Gwaggona, ƙanwar Baba, na ce a bar min aikin kalanda, shi ne gudummawata. Amarya ta turo min hotonta ta WhatsApp. Kwana 3 ina yi, a laftof ya yi kyau, kowa ya yaba. Gwaggo ta ba da kuɗi aka kai Kano aka bugo manya guda 100. Aka kawo ana gobe kamu. Fuskar amarya ta yi dishi-dishi ga duhu, koren leshinta ya koɗe, sunan ango kuma an yanke masa harafin ƙarshe. Ba a raba ba. Gwaggo ta ce a gaban mutane na jawo mata asara da karambanina. Inna ta ce in rufe abin nan in kama ɗinkin hula kamar sa'o'ina. Baba bai ce komai ba, amma ya daina ba ni kuɗin caji. Yaya ya ce in taho Kano in zauna a shago in koya a hannu, na san kuwa Baba ba zai bari ba. Ga wani yaro a garinmu, da waya kawai yake yi, ba littafi ba komai, kuma shi ake kai wa aiki. Anti, ba ni da baiwar abin ne? In biya Gwaggo, alhali ko sisi ba ni da shi? Ko in mayar wa Yaya kayansa in huta?

Ƙanwarku daga ƙasar Ringim

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma inda ya fi tsaya min a rai shi ne inda kika ce ba a raba ba. Na san gidan biki ana gobe kamu: tsakar gida cike da mata, ana buɗe kwali kowa na miƙo hannu, sai kuma a yi tsit. Kin kwana 3 kina aiki don ki faranta wa 'yar'uwarki, abin ya juye ya zama abin kunyarki a gaban dangi. Wannan da ciwo, kuma ba zan ce miki ba komai ba ne. Allah ya sanyaya miki zuciya.

Bari in fara da tambayar baiwa, don ita ce ta fi cin ki. Abu uku kika lissafa: dishi-dishi, koɗewar launi da duhu, sai yankewar suna. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa baiwa. Baiwa tana wajen ido, wajen sanin inda hoto zai zauna da inda rubutu zai hau, kuma wannan ɓangaren mutane sun gani a laftof sun yaba. Abubuwa ukun nan duk ilmin awo ne, kuma ina da tabbacin suna cikin babukan da kika tsallake. Wato littafinki bai ci amanarki ba. Ya ajiye miki maganin, ke ce kika ɗaga shafin kika wuce. Kusan duk mai koyo daga littafi haka yake yi, yakan bi babi mai daɗi ya guji mai lissafi, sai ranar da takarda ta fito daga inji.

Tunda Inna ta ambaci hula, mu yi misali da ita. Kin san hular da aka yi wa ƙananan allura a matse, daga nesa zanenta sumul yake kamar an shafa. Wadda aka yi wa manyan allura a warwatse kuwa, ko daga ƙofar zaure kina hango ramukanta. Hoto ma haka yake. Ƙananan ɗigogi ne ake jerawa, ana ce musu fiksel, kuma kowane hoto yana da adadinsa da aka ɗauke shi da shi. Don takardar da za a riƙe a hannu ta fito tas, ana so a sami ɗigo 300 a kowane inci. A ce kalandar girman takardar A3 ce, milimita 297 a faɗi, 420 a tsawo. In hoto zai cike ta, yana bukatar fiksel kusan 3,500 a faɗi da kusan 5,000 a tsawo. Shi kuwa WhatsApp, in aka tura hoto ta hanyar da kowa ya saba, matse shi yake yi don a rage cin data, yakan dawo da dogon gefensa wajen fiksel 1,600. Raba 1,600 da 300, za ki samu inci 5 da 'yan kai, kimanin santimita 13 da rabi. Iyakar girman da hoton amarya zai iya fita da kyau ke nan, tsawon wayar hannu. Ke kuma kika ja shi ya cike bango. A fuskar laftof ba za ki gane ba, domin a ƙanƙance take nuna miki shi.

Yau ɗin nan in kin samu caji, buɗe hoton nan da amarya ta turo, ki shiga Image, ki zaɓi Image Size. Cire alamar da ke jikin Resample, ki rubuta 300 a gurbin Resolution, ki dubi abin da faɗi da tsawo suka koma. Wannan lambar ita ce gaskiyar hoton. Ki mayar da wannan al'adarki ta farko ga duk hoton da aka kawo miki, kafin ki taɓa komai. Kada kuma ki yaudari kanki da barin alamar Resample ki rubuta 300, don a nan kwamfuta ƙirƙiro ɗigogin ƙarya take yi ta cike gurbi, kamar a ƙara wa kunu ruwa a ce ya yi yawa. Maganin shi ne a samo asalin hoton daga hannun wanda ya ɗauka, a filashi, ko ta Xender, ko a tura shi ta WhatsApp ɗin amma a matsayin Document, don ta nan ba ya matsewa. In mai aiki ya ce ba shi da wani sai wanda ya sauko daga status, ki gaya masa tun a lokacin cewa ƙarami za a iya yi da shi, ki nuna masa girman da yatsunki.

Launi kuma wata duniya ce. Fuskar kwamfuta fitila ce, tana haɗa hasken ja da kore da shuɗi ta harbo miki a ido, shi ake kira RGB. Takarda ba ta da fitila. Tawada huɗu ake zuba mata, shuɗi-shuɗi, ja-ja, rawaya da baƙi, wato CMYK, sai ta jira hasken ɗaki ya sauka a kanta. Akwai launukan da fitila ke iya yi tawada ba ta iya kai wa gare su, kuma kore mai ƙyalli da shuɗi mai ƙyalli su ne kan gaba. Abin da ya sami leshin amarya ke nan. A Photoshop, in kika danna Ctrl da Y zai nuna miki kwatankwacin yadda launin zai koma a takarda, sai ki gyara tun kafin a fita da shi. Duhun fuska kuwa, ina zargin hasken laftof ɗinki a ƙure yake lokacin da kike aiki, wataƙila ma da dare a ɗaki mai duhu, inda kowane hoto yake zama fes. Rage hasken zuwa tsakiya, ki koyi Levels, wurin gyara haske da duhun hoto, wanda Ctrl da L ke buɗewa. Za ki ga wani zane kamar tudun yashi. In tudun ya taru a hagu, hoton duhu ne da shi ko da idonki ya ce miki a'a.

Yankewar suna ita ce mafi sauƙi. A babbar takarda ake bugawa, sannan a tara da yawa a datse da wuƙar inji, kuma wuƙa ba ta sauka daidai kan layi kullum. Shi ya sa ake barin zanen baya ya zarce iyaka da milimita 3 ta kowane gefe, rubutu kuma a ja shi ciki da aƙalla milimita 5.

Ba ke kaɗai ce da laifi ba, wannan ma sai an faɗa. Ma'aikacin da ya buɗe fayil ɗin a Kano ya ga ƙarancinsa in har ya san aikinsa, kuma kamata ya yi ya bugo guda ɗaya ya nuna kafin ya saki 100. Amma kada ki ɗauki wannan ki je wa Gwaggo da shi, zai zama kamar kina neman wanda za ki jingina wa. Darasin da za ki ɗauka daga nan naki ne: daga yau babu aikin da zai tafi inji da yawa sai an fara buga ɗaya, kin riƙe shi a hasken rana, mai aikin ya gani ya ce ya yi.

To, Gwaggo. Ki tsaya a inda take ki duba. Ta aurar da 'ya, kowace naira a lissafe take, ta yarda da 'yar ɗan'uwanta, ta riga ta gaya wa ƙawayenta akwai kalanda, sai ga kwali da ba ya buɗuwa a gaban baƙi. Kalmar karambani ta yi zafi, kuma da ta ja ki ɗaki ta faɗa da ya fi. Amma a ranar ba ke take gani ba, kunyarta take gani. Yanzu da biki ya watse, ki roƙi Inna ta raka ki, ku je da hantsi lokacin da gida ba kowa. Ki durƙusa ki gaishe ta, kada ki kawo zancen fiksel ko WhatsApp ko mai inji. Ce mata kawai: "Gwaggo, na karɓi aikin da ban gama iyawa ba, na sa kin yi asara, ki yafe min." Durƙusa wa wada ma ba gajiyawa ba ne, balle ƙanwar uba.

Maganar biya, ni ina ganin ki furta ta da bakinki. A fikihunmu na Malikiyya an san mai sana'a da ɗaukar lamunin abin da aka damƙa masa, ko da lada ya yi ko ba lada, kuma in kina son sanin yadda hukuncin ya hau kan wannan lamari naki, malaminku na Islamiyya yana kusa. Ni ta fuskar zumunci nake magana. Ki ce mata ba ki da shi yanzu, amma kin ɗauki alkawarin rage mata wani abu daga aikin da za ki riƙa samu, kaɗan-kaɗan. Kada ki ambaci adadi ko ranar da ba za ki iya cikawa ba. Mai yiwuwa ta ce ta yafe, gwaggonni da yawa jin kalmar kawai suke so. In ta yafe, kada ki tsaya nan. Nemo asalin hoton daga mai hoton biki, ki sake aikin da kyau, ki buga guda ɗaya tak, a sa a firem ki kai wa amarya ɗakinta. Ita ma an taɓa ta, kuma a wasiƙarki ban ga inda kika ce kun yi magana ba. Kira ta kafin ki je wa Gwaggo.

Yanzu littafin. Kada ki ajiye shi. Littafin koyarwa da aka rubuta da kyau abu ne mai wuyar samu, kuma daga bayaninki naki yana cikinsu: darasi ɗaya aiki ɗaya, hoto a gefen kowane mataki, harshe mai sauƙi. Yana da abin da bidiyo ba shi da shi a ƙauye irin naku, ba ya cin data, ba ya bukatar sabis, ba ya gudu ya bar ki, kuma marubucin ya jera babukan ne da niyya, kowane yana taka na bayansa. Abin da ba zai iya ba shi ne ya leƙo ya ga hannunki ya ce nan kin karkace. Wannan gurbin ke za ki cike shi, kuma da takardar da aka buga ake cike shi.

Ga yadda nake so ki sake binsa. Ki koma babin farko da kika tsallake. Ki karanta shi da rana, laftof a kashe, da biro da littafin rubutu a gefe, ki rubuta matakan da Hausarki, kamar za ki koya wa ƙaninki. Inda kika kasa mayarwa Hausa, nan ne ba ki gane ba, sai ki ja layi. Sai kin gama wannan za ki kunna kwamfuta, ta haka cajin da kika biya zai tafi a aiki maimakon a karatu. Kowane darasi ki yi shi sau uku: da littafin a buɗe, da littafin a rufe, sannan da hoton gidanku maimakon na marubucin. Na ukun nan shi ne karatun gaske, domin hotunan cikin littafi an ɗauke su da kyamara mai kyau a haske mai kyau, ke kuma abin da za a riƙa kawo miki hoton ƙaramar waya ne da aka ɗauka a zaure da almuru, ko a tsakar rana hijabi fari ya ƙone fuska ta yi duhu. Duk sati biyu ki ba mai shiga Ringim ko Dutse fayil ɗaya a filashi ya bugo miki a ƙaramar takardar hoto. Ki ajiye su a jere a cikin littafin, da kwanan wata a bayansu.

Rashin dacewar hotunan littafin da abin da kike gani kada ya firgita ki. Photoshop ya fito tun 1990, aikin wasu 'yan'uwa biyu ne, Thomas da John Knoll, kuma kamfanin Adobe bai daina sauya masa fuska ba. Tsofaffin laftof da yawa a nan zubin Photoshop mai suna CS6 ne a kansu, na 2012, domin daga 2013 kamfanin ya koma tsarin biyan kuɗin wata-wata. In littafinki na sabon zubi ne, maɓallai za su ɗan sauya wuri, wasu sababbin dabaru ma ba za ki same su ba. Amma ginshiƙan ba su motsa ba. Leya, wato jera sassan aiki hawa-hawa kamar farantan gilashi ta yadda za ki taɓa ɗaya ba ki ɓata sauran ba, tun 1994 take cikin manhajar. Mas, wato mayafin da ake ɗora wa leya, inda baƙi ke ɓoyewa fari ke bayyanawa, shi ma tsoho ne. Ki riƙi sunan aikin, ki neme shi a jerin kalmomin da ke ƙarshen littafin, ki neme shi a menu. In wata rana manhajar ta ƙi tashi, kada ki bari a ɗora miki ta sata daga filashin kowa, ta nan ƙwayar cuta ke shiga kwamfuta. Ki sa Yaya ya sauko miki da GIMP, wata manhajar gyaran hoto. Kyauta ce ta halal tun fitowarta a tsakiyar shekarun 1990, ba ta bukatar intanet, ba ta da nauyi, kuma leya da mas da Levels duk suna ciki. Abu ɗaya da ke rikita baƙonta shi ne Save fayil ɗinta na XCF kawai yake ajiyewa, in JPEG ko PNG kike so sai ta Export As.

Akwai abin da littafin Turanci ba zai gaya miki ba, don marubucin bai san da mu ba. Ba kowane salon rubutu ne yake da ƙ da ɗ da ɓ ba. Sai ki rubuta Ɗanladi ko Ƙaramar Hukuma, a wata kwamfutar ya fito da akwati a gurbin harafin. Shagunan bugu da yawa a Kano da wata manhajar zane mai suna CorelDRAW suke aiki, kuma ba lallai su mallaki salon rubutun da kika zaɓa ba. Saboda haka ki ajiye asalin aikinki na PSD, wato fayil ɗin Photoshop mai leyoyi, a wajenki, su kuma ki ba su PDF ko JPEG mai cikakken inganci wanda rubutun ya riga ya zauna. Larabci ma haka, in ba a saita manhajar ba sai haruffan su rarrabu su juya baya. A CS6 ana gyara wannan a Preferences, ƙarƙashin Type, a zaɓi Middle Eastern, a rufe a sake buɗewa. Ke da kike Islamiyya za ki gane kuskuren da kallo ɗaya, wanda masu shago da yawa ba sa ganewa. Ni dai ina ba ki shawara ki riƙa hana masu aiki sa ayar Alƙur'ani a kan abin da ƙarshensa ƙasa, irin su sitika da takardar gayyata.

Inna ba ƙin ci gabanki take yi ba. Ta ga an ci fuskar 'yarta, tana so ta mayar da ke inda ba wanda zai sake. Hula kuma sana'a ce mai daraja da ta rufa wa mata da yawa asiri a Jigawa. Ki karɓi shawararta rabi. Ki riƙa ɗinkin a lokutan da laftof take wajen caji, kuɗin hula ya zama kuɗin caji da na bugun gwaji. Da wannan kin faranta mata, kin kuma daina jiran aljihun Baba.

Shirun Baba ne nake so ki karanta da kyau. Tsakanin ƙanwarsa da 'yarsa aka sa shi. In ya goyi bayanki ya ɓata da Gwaggo, in ya yi miki faɗa ya ƙara miki a kan wanda kike ciki. Lura da cewa bai ce ki daina ba, bai karɓe kwamfutar ba, kuɗi kawai ya janye. Ina kyautata zaton ranar da labari ya iso masa cewa kin je kin durƙusa wa Gwaggo da kanki, rabin abin da ke ransa zai sauka. Sauran rabin kuma aiki ne zai sauke shi. Fara da fasfo, shi ne aikin da ba ya yankewa, ɗalibai na nema, masu cike fom na nema. Girman da aka fi amfani da shi milimita 35 da 45 ne, wato fiksel 413 da 531, kuma guda 8 suna shiga takardar hoto mai inci 4 da 6. Ki yi na ƙaninki, a bugo, ki kai wa Baba bayan sallar isha'i ki ajiye a gabansa ba tare da dogon bayani ba. In kuma akwai wani tsohon hoton kakanku da ya yage ko ya yi tabo a ƙasan akwati, kuma gidanku ba sa ƙyamar ajiye hoto, babin gyaran tsofaffin hotuna zai ba ki abin da za ki kai wa Baba da Gwaggo a rana ɗaya.

Tayin Yaya yana da gaskiya a ciki, domin akwai abin da sai a gefen inji ake gane shi. Amma ba sai kin tare a Kano ba. In akwai 'yar'uwa ko matar Yaya da za ki sauka wajenta, roƙon sati 1 ko 2 ya fi sauƙin shiga kunnen Baba a kan roƙon shekara, musamman in Yaya ne ya yi maganar, kuma bayan an shirya da Gwaggo. Ki tafi da tambayoyinki a rubuce, ki ga yadda ake datsa takarda, ki ga aikinki yana fitowa. In hakan bai samu ba, Yaya ya haɗa ki da ma'aikaci ɗaya mai haƙuri a shagon da za ki riƙa kai wa aiki, wanda zai duba fayil ya bugo miki waya kafin ya buga. In kuma nan gaba karatun ya ja ki, akwai cibiyar koyar da fasahar sadarwa ta jiha a Kazaure, kuma wannan magana ce da za a yi a gida a tsanake.

Yaron nan mai waya kuwa, kada ki raina shi, kada kuma ki auna kanki da shi. Manhajojin waya irin su PixelLab da Canva suna da zane shiryayye, suna da sauri, kuma ga abin da za a ɗora a status sun wadatar. Ya fi ki yawan aiki da mutane, wannan ma makaranta ce. Ki dubi ayyukansa ki ga me mutanen garinku suke so. Amma ke kina da ƙofar da shi ba zai taɓa shiga ba. Matan aure da 'yan mata da yawa ba za su tura wa saurayin gari hotonsu ba, mazajensu da iyayensu ma ba za su yarda ba. Ke za ki shiga har ɗaki. Wannan kasuwar amana ce ke riƙe ta, don haka ki sa wa laftof ɗin kalmar sirri, kada ki nuna hoton wata a matsayin samfurin aikinki sai da izininta, ki goge bayan an karɓi aiki, kuma ki kwashe komai kafin a kai ta gyara. Ƙaninki da ke kai caji ma a kashe zai riƙa ɗaukarta. Za a zo miki da roƙon ki sauya maki a takardar sakamako ko shekara a takardar haihuwa, ko ki haɗa hoton wata da wani. Duk wanda ya kawo, ko ɗan gidanku ne, ki ce ba kya yi, don jabu laifi ne a shari'a da dokar ƙasa. Masu cewa a ƙara musu haske kuma, ki gyara hasken hoton, ki bar musu fatar da Allah ya ba su, don dangin miji sun san amaryarsu.

Daga nan zuwa kaka kada ki karɓi aikin da za a buga fiye da guda 10. Fasfo, katin ɗalibai, firem ɗaya-ɗaya. In lokacin saukar Alƙur'ani ya zo a Islamiyyarku kuma kin ga gwaje-gwajenki sun fara fitowa daidai da abin da kike gani a kwamfuta, sai ki nemi a ba ki kalandar, da sharaɗin bugun gwaji.

Kwalin nan kuma kada a ƙone shi duka. Roƙi Gwaggo guda ɗaya, ki zagaye wurare ukun da biro, ki rubuta lambar shafin littafin da ya yi maganar kowanne a gefensa. In kin buɗe Image Size kin ga lambar da hoton amarya ya ba ki, ki rubuto min ita, tare da yadda kuka yi da Gwaggo. Ki gaishe min da Inna.